Robobin ƙafar Corolla, da notin da ba a ɗaure shi sai mota ta sauka ƙasa

Ƙarar ta fara ne a ƙarshen daminar bara, ina kan hanyar dawowa Garwa daga Figil, a arewacin Kamaru. Duk lokacin da na taka birki a hankali, ko don rami ko don shingen jami'an tsaro, sai in ji wani abu ya ce ƙwas daga ƙarƙashin ƙafafuna, kamar an buga taɓarya a gindin turmi sau ɗaya tak, idan kuma na saki birkin na ba ta wuta sai ƙarar ta sake dawowa. A kan kwalta mai santsi motar tana shiru, amma sitiyarin ya daina tsayawa wuri guda, ina tafiya ina gyara shi kaɗan-kaɗan kamar mai tuƙa kwalekwale a Binuwai. Na yi wata biyu ina ce wa kaina tayoyin ne, har ranar da na durƙusa na shafa tayar gaba ta hagu, na tarar gefenta na ciki ya cinye ya yi sumul, na waje kuwa zanensa yana nan daram.

Motar Toyota Corolla ce ƙirar 2003, mai giyar hannu, irin waɗanda ake saukewa a Duwala bayan sun gama ƙuruciyarsu a Turai. Ƙafafunta na gaba an gina su ne bisa tsarin da ake kira da sunan Earle MacPherson, injiniyan Amurka da ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1940, wato shokozoba da sifirin a haɗe suna riƙe ƙafar daga sama, sannan wani ƙarfe mai kusurwa uku yana riƙe ta daga ƙasa. Wannan ƙarfen makanikanmu na nan suna ce masa tiriyangil. Kusurwarsa guda tana haɗe da ƙafar ta hanyar rotil, wato mahaɗi mai kai kamar ƙwallo da ke barin ƙafar ta juya, wanda mutanen Yola da Mubi ke kira boljoyin, sauran biyun kuma suna ɗaure a jikin gadon motar, kuma a kowacce akwai dunƙulen roba. Robar nan ita ce silambulok a bakin mai gareji na Garwa, bushin a bakin ɗan kasuwar da ya kawo ta daga Najeriya, kuma wanda zai je saye yana da kyau ya riƙe sunayen biyu, domin na ga mai shago ya ce babu da suna ɗaya, ya ɗauko da ɗayan. Silambulok a asali sunan tambarin kamfani ne, ya bi bakin mutane har ya zama sunan abin, kamar yadda kowane garin sabulu ya zama omo.

Wanda bai taɓa riƙe ta a hannu ba zai ɗauka roba ce kawai da aka huda tsakiyarta. A gaskiya abu uku ne a haɗe: ƙaramin bututun ƙarfe a ciki wanda bol ke ratsawa, zoben ƙarfe a waje wanda ake cusawa da ƙarfi cikin tiriyangil, da roba a tsakaninsu wadda aka dafa ta manne da su biyun. Ba ta juyawa a kan bol ɗin kamar yadda ƙyaure ke juyawa a kan fata. Bututun ciki a matse yake, ba ya motsi, idan ƙafar ta hau ko ta sauka robar ce ke murɗewa ta koma, ita ce kuma ke shanye girgizar gargada kafin ta iso kujerar direba. Tun da Charles Goodyear ya yi rajistar hanyar dafa roba da farar wuta a 1844 aka samu robar da ke jure irin wannan wahala, amma har yau tana da maƙiya uku, zafi da tsufa da mai. Mu a nan muna da su duka. A watannin Maris da Afrilu zafin Garwa yana wuce digiri 40 a inuwa, motocinmu sun haura shekara ashirin, kuma da wuya ka leƙa ƙarƙashin wata ba ka ga baƙin mai yana ɗiga ba. Wani abin da ke ba ni takaici shi ne bishiyar roba ana nomanta a kudancin ƙasarmu, wajen Kiribi da Tiko, amma ɗan dunƙulen nan sai ya ƙetaro teku kafin ya iso hannuna.

Kafin in sayi komai sai da na tabbatar da inda ciwon yake, domin ƙafar gaba tana da abubuwa da yawa masu ƙara iri ɗaya. Na sa ƙanena ya shiga motar ya riƙa tafiya da ita taku ɗaya yana taka birki da ƙarfi, ni kuma ina tsaye a gefe ina kallon tayar. Ta hagun ta riƙa ja da baya cikin gidanta ta dawo, abin da lafiyayyar ƙafa ba ta yi. Daga nan na ɗaga motar na kama tayar sama da ƙasa na girgiza, babu wasa, wanda ya nuna rotil ɗin yana da sauran kwana. Na kama ta dama da hagu, nan ma shiru, ƙarfen sitiyari bai da laifi ke nan. Da na zura liba tsakanin tiriyangil da gadon motar na banƙara, sai robar da ke kusurwarsa ta baya ta buɗe baki, ta rabu da zobenta kusan rabi, kuma ta yi laushi ta kumbura saboda man da ya daɗe yana zubo mata. Ƙananan tsagogi a fuskar roba ba su ne abin tsoro ba, kusan kowace tsohuwar mota tana da su. Rabuwa da ƙarfe, ko tsagar da ta ratsa har ciki, ita ce ke cewa lokaci ya yi. Na fara gyara inda man ke zuba tukuna, tun da babu amfanin sa sabuwar roba a ƙarƙashin tsohon yoyo.

A kasuwa zaɓi uku aka shimfiɗa mini. Akwai tiriyangil sukutum na okaziyo da aka ciro daga motar Turai, wanda robobinsa tsaran nawa ne a shekaru, don haka ban ga hikimar sayen tsufa in maye gurbin tsufa ba. Akwai sabon tiriyangil da robobinsa a jiki, wanda shi ne hanya mafi sauƙi ga mai kuɗi a hannu, amma wanda aka nuna mini ƙarfensa bai kai nawa kauri ba, da na auna su a hannu kuma sai na ji ya fi sauƙin nauyi. Na uku shi ne robobin su kaɗai, huɗu, biyu a kowane gefe, su na ɗauka, na kuma zaɓi masu ɗan tsada, domin araha ba ta ado a wurin da aikin sakawa ya fi kuɗin kayan ciwo. Wani yaro a bakin shagon ya ce zai yanko mini daga tsohuwar tayar tirela a rabin kuɗin. Ba na raina wannan sana'a, ta fitar da motoci da yawa daga daji, kuma a ƙananan robobin da ke riƙe sandar daidaito, wato ƙarfen da ke rage wa mota karkata a kwana, tana iya yin aiki na ɗan lokaci. Amma a tiriyangil ba ta dace ba, saboda guntun taya ba ya manne da ƙarfen ciki da na waje, yana gogawa ne maimakon ya murɗe, kuma a hankali sai ya cinye.

Ranar Asabar bayan sallar asuba muka fara, a ƙofar gida ƙarƙashin darbejiya, inda akwai daɓen siminti a miƙe. Na sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa, na ja birkin hannu, na sa waigi gaba da bayan tayoyin baya, sannan na ɗaga ta da kirik na ɗora ta a kan matokaran ƙarfe guda biyu da na aro, waɗanda ake kira shandel. A wannan gaɓar ba na sassauci da kowa. Kirik na ɗagawa ne, ba na riƙewa ba, kuma bulon siminti mai rami a ciki, wanda na sha ganin an jera a ƙarƙashin motoci a bakin titi, ba ya gargaɗi kafin ya ruguje. Tayar da na cire ma na tura ta ƙarƙashin gefen motar, ko da wani abu zai zame.

Fitar da tiriyangil bai ba ni wahalar da na zata ba. A wannan Corolla rotil yana haɗe da shi ne da noti biyu da bol ɗaya, saboda haka ba sai an taɓa rotil ɗin daga sama ba, sai manyan bol guda biyu na robobin, na gaba a kwance, na baya a tsaye. Tun daren Juma'a na jiƙa su da man warware tsatsa, kuma duk da haka na gaban sai da na zura bututun ruwa mai tsawon mita ɗaya a hannun sifana kafin ya yi ƙara ya saki. Masu irin wannan motar mai giyar atomatik su sani cewa a wasunsu bol ɗin gaba na hagu yana cin karo da tukunyar man giya, sai an ɗan ɗaga injin kafin ya fito.

Inda aikin yake shi ne raba tsohuwar roba da ƙarfen. Kafin in taɓa ta baya, na ɗauki ƙusa na karta alama a jikin tiriyangil daidai inda ramukanta suke fuskanta, domin robar baya ba cikakkiya ba ce, an bar mata gurabe biyu da gangan don ta yi laushi ta wata fuska ta yi tauri ta wata, idan aka sa ta a karkace kuwa motar ba za ta zauna daidai ba kuma robar ba za ta daɗe ba. Abin da aka saba yi a garejin bakin hanya shi ne a cinna wa robar wuta har ta narke. Ban yi haka ba, saboda hayaƙinta guba ne kuma ga yara a gida, sannan ba na son in gasa ƙarfen da rayuwata ke rataye a kansa. Na huda robar da injin huji zagaye da bututun ciki har ya faɗo, na kwance bakin zarto na ratsa shi ta ramin na sake ɗaurawa, na shiga yanka zoben waje daga ciki. Wannan yanka yana son haƙuri, ana yi ana tsayawa ana dubawa, domin da zarar haƙoran zarton sun wuce zoben sun shiga naman tiriyangil an yi masa rauni a wurin da ya fi ɗaukar nauyi. Da ya rage kamar kaurin farce sai na sa kurfi na buga gefen yankan, zoben ya lanƙwashe ciki ya faɗo da kansa.

Ba ni da injin matsi, don haka na haɗa nawa. Na sayi doguwar sandar ƙarfe mai zare da notoci da washa masu kauri, mai walda na unguwarmu ya yanko mini guntayen bututu biyu, ɗaya ya ɗan fi ramin faɗi don ya tokare tiriyangil ta baya, ɗaya kuma daidai da bakin zoben sabuwar robar don ya tura ta. Dole turin ya sauka a kan zoben ƙarfe na waje, domin idan ya sauka a kan bututun tsakiya an yaga robar tun ba ta fara aiki ba. Na goge cikin ramin da samfefa har ya yi haske, sabbin robobin kuma sun kwana cikin leda a gidan ƙanƙara na firji, shi kuwa tiriyangil na shanya shi a rana. Sanyi yana sa ƙarfe ya ɗan tsuke, zafi yana sa shi ya ɗan buɗe, kuma a karon farko na ga ranar Garwa ta yi mini aiki kyauta. Na shafa ruwan sabulu maimakon giris, tun da mai ne ya kashe ta farkon, giris ɗin na bar shi ga zaren sandar kawai. Sandar farko mai kaurin milimita 12 zarenta ya cinye a tsakiyar aiki, na koma kasuwa da rana tsaka na samo wadda ta fi ta tauri. Robar ta fara shiga a karkace sau ɗaya, na sassauta na daidaita ta da ƙaramar guduma, daga nan ta riƙa shiga da ɗan kuka, juyi bayan juyi, har ta zauna daidai da alamar ƙusata.

Wajen la'asar na mayar da tiriyangil na hagu, na zura bol-bol ɗin, na ɗauko dogon bututuna zan ɗaure su iya ƙarfina. A lokacin ne Kawu ya yi magana. Ƙanen mahaifiyata ne, ya yi shekaru yana jan tirela tsakanin Gaundare da Njamena kafin idonsa ya sa shi ajiye tuƙi, kuma tun bayan azahar yake zaune a kan tabarma yana kallonmu bai ce uffan ba.

Ya ce, "Kai yaro, dakata. A haka za ka ɗaure ta, ƙafa tana reto?"

Na ce, "Kawu, ai a haka na kwance ta."

Ya ce, "Kwancewa daban, ɗauri daban. Zo ka riƙe mini hannu."

Ya miƙo hannunsa, ya sa na riƙe wuyan hannun da ƙarfi, sannan ya juya gwiwar hannunsa sama har fatar ta murɗe a ƙarƙashin yatsuna. Ya tambaye ni ko zan iya yini a haka, na ce a'a. Ya ce to haka nake shirin bar wa robar har ƙarshen rayuwarta. Bayanin da ya yi da fatar hannu shi ne abin da littafin gyaran mota yake faɗa da dogon turanci. Idan mota tana kan matokari, ƙafarta tana saukowa har iyakarta. Wanda ya matse bututun ciki a wannan hali, da zarar ya sauke motar nauyinta zai tura tiriyangil sama zuwa mazauninsa na kullum, robar kuma ta murɗe ta zauna a murɗe ko da motar tana ajiye a inuwa. Kowane rami da za a faɗa daga baya ƙari ne a kan murɗar da take ciki, sai ta yage cikin watanni maimakon shekaru. Wannan ya fi shafar robar gaba wadda bol ɗinta ke kwance, amma ƙa'idar ita ce a bar su duka a sassauce har motar ta zauna a kan ƙafafunta. Sai a lokacin na tuna cewa shekara biyu da suka wuce an sauya mini robobin gefen dama a wani gareji, ina tsaye aka ɗaure komai motar tana sama, kuma da na ciro su washegari na same su a tsage duk da babu ɗigon mai ko ɗaya a jikinsu. A da kayan nake zargi, ina cewa jabu aka sa mini.

Yadda muka yi shi ne na ɗaura bol-bol ɗin har suka kama amma ban matse ba, na ɗaure na rotil sosai tun da su babu ruwansu da wannan ƙa'ida, na mayar da tayoyin. Ranar Lahadi da na gama gefen dama, muka sauke motar, muka tura ta gaba da baya, ƙanena ya danna gabanta sau da yawa don ƙafafun su koma mazauninsu. Matsalar ita ce Corolla tana ƙasa-ƙasa, babu inda mutum zai shiga da sifana. Kawu ya sa aka kawo katakai masu kauri na gini, muka jera su a kwance biyu-biyu muka haɗa da ƙusa, na hau da tayoyin gaba a kansu, aka sa waigi, aka kuma tura matokaran ƙarƙashin gadon ba tare da sun ɗauki nauyin ba. A wannan ɗan sararin na kwanta na matse manyan bol huɗun. Wanda yake da gareji mai rami kusa da shi yana iya lallaɓawa da motar a hankali ya ƙarasa ɗaurin a can, muddin tazarar gajera ce kuma notocin sun kama. Na aro sifana mai awon ɗauri, na bi adadin da ke cikin littafin motar, notocin taya kuma na ba su 103 a ma'aunin niyuton-mita kamar yadda Toyota ta tsara, ba hawa da ƙafa a kan sifana ba kamar yadda masu faci suka saba.

Abu guda da ba ya yiwuwa a ƙofar gida shi ne daidaita ƙafafu, wato faralelizim, ko alaimen a bakin 'yan Najeriya. Tsohuwar roba ta daɗe da karkatar da ƙafar, sabuwa ta dawo da ita wani wuri, kuma bambancin milimita biyu ko uku ya isa ya cinye taya. Ranar Litinin da safe na kai ta aka auna, aka gyara, na sayi taya ɗaya na maye wadda ta lalace. Daga can na haye gadar Binuwai na bi hanyar Gaundare kilomita kaɗan, na taka birki a hankali, na taka da ƙarfi, na bi ta kan gargada da gangan, ƙwas ɗin nan bai dawo ba, sitiyarin kuma ya tsaya inda na ajiye shi. Bayan mako guda na sake hawa katakan na gwada notocin, babu wanda ya motsa.

Da nake ƙarƙashin motar a wannan karon na haska fitila zuwa baya, inda gatarin baya yake haɗe da bodi da wasu manyan robobi biyu, na ga ta dama ta fara tsagewa a gefe. Waɗannan sun fi na gaba girma, kuma bututun da mai walda ya yanko mini ba zai hau bakinsu ba. Na auna faɗinsu na rubuta a bangon zaure da alli, Kawu kuma ya ce kada in taɓa su sai ya dawo daga Marwa.